Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma: Daga Wasiƙar Sayyidina Umar Zuwa Shari'ar Amina Lawal



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yi umarni da adalci ya hana zalunci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Gabatarwa

Garin Riko da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya suna bakin iyakar Najeriya da Nijar ne, kuma duk mazaunin bakin iyaka ya san babu abin da ya kai zargi arha. A ga mutum da buhun shinkafa ko jarkar fetur a ce ɗan fasa-ƙwauri ne. A ga baƙuwar fuska ranar kasuwa a ce ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. A ga wani ya koma gefe yana amsa waya a ce infoma ne. Wani zargin gaskiya ne, wani kuwa tsohuwar gaba ce ta gona ko ta aure ta samu ƙofar fita. To me ya kamata ya shiga tsakanin zargi da hukunci?

Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka maganar haƙƙin wanda ake tuhuma baƙuwa ce da Turawa suka zo da ita, kuma lauyan da ke kare shi mai taimakon ɓarawo ne kawai. Wannan ɗan rubutu zai bi diddigin al'amarin tun daga Madina har zuwa kotunan jihar Katsina, domin mai karatu ya ga cewa kariyar nan tana cikin jikin shari'ar Musulunci tun asali, kuma duk lokacin da aka yi sakaci da ita talaka ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa.

Tushen al'amarin a Madina

Malaman tafsiri sun kawo wata ƙissa a sababin saukar ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105 zuwa gaba. Wani mutum daga gidan Banu Ubairiƙ, cikin mutanen Madina, ya saci sulke, da ya ga asirinsa zai tonu sai ya jingina satar ga wani wanda bai ji ba bai gani ba, wanda a ruwayar da ta fi yawa cikin littattafan tafsiri Bayahude ne. Danginsa suka tafi wurin Manzon Allah (SAW) suna wanke nasu. Sai wahayi ya sauka ya wanke wanda aka yi wa ƙazafi, ya tona mai laifin. Ka duba, ya ɗan'uwa: addinin mutum ko danginsa bai zama hujja gare shi ko a kansa ba.

Sa'annan ga ƙissar Ma'izu ɗan Malik (RA), wanda ya kawo kansa da kansa yana iƙirarin zina. Manzon Allah (SAW) ya yi ta kau da kai daga gare shi har sau huɗu, ya bincika ko yana da taɓin hankali, ya bincika ko ya sha abin maye, ya tambaye shi ko dai abin da ya yi bai kai ga zina ba. Da aka fara zartar da haddin Ma'izu ya ruga a guje, mutane suka bi shi, kuma da labari ya je wa Annabi (SAW) sai ya nuna cewa da sun ƙyale shi. Daga nan malamai suka fitar da hukuncin cewa wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana da damar janyewa, kuma janyewar tana amfanarsa. A kan irin wannan aka gina ƙa'idar nan da mazhabobi suka yi riƙo da ita, ta tunkuɗe haddi da shubuha, domin shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi sauƙi a kan ya yi kuskure wajen uƙuba. Haka kuma lokacin da aka tura Sayyidina Aliyu (RA) alƙalanci Yaman, wasiyyar da aka yi masa ita ce kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko.

A zamanin halifancinsa, Sayyidina Umar (RA) ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari (RA) shahararriyar wasiƙar nan ta alƙalanci. Cikin abin da ta ƙunsa akwai daidaita masu shari'a wajen zama da kallo da saurare, da ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa, da ba mutum wa'adi ya kawo shaidarsa, da nisantar fushi da ƙosawa, da kuma cewa hukuncin da alƙali ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Umar ɗin nan ne kuma aka kawo wa ƙarar Mugira ɗan Shu'uba, gwamnan Basra, bisa zargin zina. Shaidu uku suka ba da shaida, na huɗu bai cika tasa ba, sai Umar ya sa aka yi wa ukun bulala tamanin-tamanin ta ƙazafi. Wato a shari'a, mai zargi ma yana da abin tsoro.

Yadda malaman fiƙihu suka tsara shi

Alƙali Abu Yusuf, babban alƙalin Halifa Haruna Rashid a Bagadaza, wanda ya rasu a shekarar 798 miladiyya, ya yi wa halifan nasiha a littafinsa Kitabul Kharaj game da waɗanda ke tsare: a ci da su a tufatar da su daga baitulmali, a riƙa duba shari'arsu da gaggawa, kada a doki mutum saboda tuhuma kawai. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, abin da aka ruwaito daga Imamu Malik a Mudawwana shi ne iƙirarin da aka samu ta hanyar tsoratarwa ko duka ba a kafa hukunci a kansa.

Littattafan da alƙalanmu ke karantawa har yau, wato Risala ta Ibnu Abi Zaid, da Mukhtasar na Shehu Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a 1426, sun shimfiɗa matakan shari'a daki-daki. Dole da'awa ta zama bayyananna, wanda ake ƙara ya san ainihin abin da ake tuhumarsa da shi. Dole a tsarkake shaidu a tabbatar da adalcinsu, kuma wanda suka yi shaida a kansa yana da damar sukarsu, ya nuna ƙiyayya ko dangantaka ko wata maslaha da ke tsakani. Kafin hukunci kuma akwai abin da ake kira i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa, a gaban shaidu, ko yana da sauran wata hujja. Hukuncin da aka yanke babu i'izari abin rushewa ne.

Ibnu Farhun, alƙalin Madina wanda ya rasu a 1397, ya bayyana a Tabsiratul Hukkam cewa waɗanda ake tuhuma kashi uku ne. Wanda aka sani da kirki ba a taɓa shi saboda zargi, hasali ma ana iya ladabtar da mai zarginsa. Wanda ba a san halinsa ba ana iya tsare shi na ɗan lokaci har a bincika. Wanda ya shahara da ɓarna kuwa ana iya tsawaita tsaronsa, wasu malamai ma sun halatta a matsa masa. Amma ko a wannan kashi na uku, ikon yana hannun alƙali ko shugaba ne. Babu malamin da ya miƙa shi ga taron jama'a masu sanduna.

Maganar lauya kuwa, fiƙihu ya san ta da sunan wakilci a husuma, kuma akwai babinta a littattafan. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu (RA) yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a. Abin da aka haramta wa wakili shi ne ƙarya da ƙirƙirar shaida da cin haƙƙin wani da gangan. Amma ya tsaya ya ce wa alƙali sharaɗi kaza bai cika ba, wannan taimakon alƙali ne a kan kada ya zubar da jini bisa kuskure.

A ƙasar Hausa

A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zo Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarauta, inda ya nanata cewa kada sarki ya shamakance kansa daga talakawansa, kuma ya zauna ya saurari masu kuka. Bayan shekaru kusan ɗari uku, cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙ akwai cin hanci a shari'a, da fifita mai dukiya, da mayar da hukunci hanyar ƙwace dukiyar mutane. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano, inda ya yi bayanin sharuɗɗan alƙali da yadda ake mayar wa waɗanda aka zalunta haƙƙinsu. Ke nan lalacewar kotu tana cikin dalilan jihadin 1804.

Wannan jihadi ne ya kawo Ummarun Dallaje mulkin Katsina, zuriyar sarakunan da aka kora kuma suka kafa Maraɗi. Daga baya yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka mayar da wannan tsaga iyakar ƙasa da ƙasa. Shi ya sa a yau ɗan Riko da ɗan'uwansa na Ɗan Isa, harshe ɗaya, mazhaba ɗaya, idan aka tuhume su sai ɗaya ya fuskanci tsarin da aka gada daga Ingila, ɗayan kuma wanda aka gada daga Faransa.

Zamanin Turawa da En'e

Da Turawa suka ci Kano da Katsina da Sakkwato a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun bar su ƙarƙashin En'e, suka hana yanke hannu da jifa, suka ba Razdan ikon duba hukunce-hukunce, hukuncin kisa kuwa sai Gwamna ya tabbatar. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan. Sai dai doka ta hana lauyoyi shiga waɗannan kotuna, kuma alƙali ma'aikacin En'e ne, 'yan doka na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne. Illar haka ta fito fili bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, lokacin da aka riƙa gurfanar da magoya bayanta bisa laifuka irin su taro ba izini ko zagin sarki, a ɗaure su ba mai tsaya musu. Hajiya Gambo Sawaba tana cikin waɗanda suka sha ɗauri sau da yawa. Littattafan da ke gaban alƙalan nan su ne dai Mukhtasar da Tuhfa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne 'yancin alƙali da kuma wanda zai tunatar da shi abin da ke cikinsu.

A 1958 gwamnatin Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifar da dokar Finalkod, wadda aka gina a kan ta Sudan, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960 tare da dokar tsarin shari'ar laifuka. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta rushe kotunan sarakuna, ta mayar da na alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka yanke cewa hana lauya shiga waɗannan kotuna ya saɓa wa tsarin mulkin 1979.

Dawowar shari'a da darasin Katsina

Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya, ciki har da Katsina a ƙarƙashin Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa a shekarar 2000. Jama'a sun yi murna, amma an yi gaggawa: alƙalan da suka shafe shekaru suna shari'ar aure da gado da ƙananan laifuka sai ga shi an ɗora musu shari'ar rai da gaɓɓai.

A watan Nuwamba 2001 wata kotun shari'a a Katsina ta yanke wa Sani Yakubu Rodi hukuncin kisa bisa kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Ba shi da lauya, ya fara musanta laifin daga baya ya amsa, bai ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairu 2002. Laifin mummuna ne, jinin waɗanda aka kashe kuma haƙƙi ne. Abin lura shi ne wata biyu ne tsakanin hukunci da zartarwa, ba tare da wata kotu ta sama ta sake duba shari'ar ba. A jihar Sakkwato kuwa, Safiya Husaini, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa jifa a Oktoba 2001, ta samu lauya ta ɗaukaka ƙara, aka sallame ta ranar 25 ga Maris 2002. Cikin dalilan akwai cewa abin da ake zarginta da shi ya faru ne kafin dokar ta fara aiki.

A cikin watan Maris ɗin nan ne kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, bazawara daga ƙauyen Kurami, hukuncin jifa, bisa dogaro da haihuwar da ta yi da kuma amsa laifi da ta yi a gaban alƙali. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya rantse, aka sallame shi. Amina ba ta da lauya a wannan zama. Ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB suka shigo, Barista Aliyu Musa Yawuri ya jagoranci lauyoyinta, tare da Barista Hauwa Ibrahim da wasu. Suka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a ta Funtuwa, ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta 2002. Suka wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina.

A wannan tsakani duniya ta ɗauki maganar. Aka yi ta aiko da takardun ƙorafi ta intanet, wasu ƙasashe suka yi barazanar ƙaurace wa gasar sarauniyar kyau ta 2002. Amma a 2003 ita kanta BAOBAB ta roƙi a daina, domin yawancin takardun cike suke da kurakurai, kuma suna iya harzuƙa mutane su cutar da wadda ake son taimako. Lauyoyin sun zaɓi su yi magana da kotu da harshen da take ji, wato fiƙihun Malikiyya da dokar jihar kanta.

Ranar 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu cikin biyar, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim Katsina, suka rushe hukuncin. Na farko, alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai alhali dokar jihar ta ce ya zauna tare da mataimaka biyu. Na biyu, waɗanda suka kai ƙarar ba su kawo shaidun da suka ga aikin ba. Na uku, Amina tana da haƙƙin janye iƙirarinta, kuma kotun Funtuwa ta yi kuskure da ta ƙi karɓar janyewar. Na huɗu shi ne batun cikin. Gaskiya ne Malikiyya, saɓanin sauran mazhabobi, suna ɗaukar cikin matar da ba ta da miji a matsayin hujja. Amma su ne kuma suka ce ciki kan iya daɗewa har shekara huɗu ko biyar, abin da Hausawa ke kira kwantacce, don haka cikin bazawarar da ba ta kai wannan wa'adi da rabuwa da mijinta ba ana iya jingina shi ga tsohon mijin. Likitocin yau ba su yarda ciki na kai haka ba, amma a matsayinsa na hukuncin fiƙihu aikinsa shi ne rufa asiri da kare nasaba da tunkuɗe haddi. Ka lura, ya mai karatu, uku daga cikin dalilan nan suna nan cikin ƙissoshin Ma'izu da Mugira da littattafan da muka ambata. Suna nan ranar da aka yi zaman Bakori. Abin da babu shi ne wanda zai tashi ya faɗe su.

Abin da doka ta ba ka a yau

Tsarin mulkin 1999 yana hawa kan kowace kotu a ƙasar nan, ta shari'a ko ta majistare. Sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kariya, ya kare kansa ko ya ɗauki lauya, ya yi wa shaidu tambayoyi, a ba shi tafinta kyauta, kuma ba a hukunta shi da dokar da aka yi bayan aikin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun haramta kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa. Laifukan kwastan Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraronsu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976. Duk da haka, alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali na 'yan shekarun nan suna nuna kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Kammalawa

A watan Maris 2025 taron jama'a a Uromi ta jihar Edo suka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Dukanmu mun yi kuka, mun ce me ya hana a kai su kotu. To wannan tambaya ita ce ya kamata mu yi a duk lokacin da aka nuna wani da yatsa a garuruwanmu aka ce infoma ne, ko aka yaɗa hotonsa a Facebook da WhatsApp aka ce ɓarawo ne. Raɗaɗin da 'yan bindiga suka jefa mutanen Jibiya a ciki ba ƙarami ba ne, kuma wanda aka tabbatar yana taimakonsu ya cancanci hukunci mai tsanani. Sai dai tabbatarwar ita ce aikin, kuma tana da ƙofarta.

Ya ku matasa, kada ɗayanku ya tura zargin da ba zai iya rantsuwa a kansa ba. Idan aka kama maƙwabcinku, ku bi sawu ku san inda yake, ku tambayi abin da ake tuhumarsa da shi. Waɗanda Allah ya ba ilimin Larabci da na boko kuma su shiga karatun shari'a, domin akwai irin su Amina da yawa a ƙauyukanmu waɗanda hujjarsu tana cikin littafi amma babu mai buɗe musu shi.

Allah ya tsare mu daga zalunci da kuma a zalunce mu, ya ba alƙalanmu tsoronsa, ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da ƙasa baki ɗaya. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum warahmatullah.